Zan yi foraj a Harobanda: wa zan ba aikin, kuma mita nawa za a gina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a Harobanda, nan Yamai, pompo bai iso mu ba tukuna, kuɗin ƴan garuwa kuma ya ishe ni. Maƙwabcina ya yi foraj, wato rijiyar burtsatse, ya samu ruwa, na bayansa ya yi bai samu ko ɗigo ba. Masu gina biyu sun zo, kowa da farashinsa. Yaya zan gane na kirki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ya faru da maƙwabtan nan naka ba abin mamaki ba ne a wannan gaɓar kogi. Harobanda tana zaune ne bisa tsohon dutsen Liptako, wanda shekarunsa sun kai biliyan 2. Shi wannan dutse ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwan yana kwanciya a wuri biyu kawai: a ruɓaɓɓen saman dutsen, da cikin tsagoginsa. Wanda ya dace da tsaga ya samu, wanda ya kauce mata da taku goma sai ya yi ta fitar da ƙura. A ɗaya gaɓar, bisa tudun gari, akwai shimfiɗun yashi da yumɓu a saman dutsen, domin can ne bakin babban kwarin Iullemmeden, to lissafin can daban ne. Shi ya sa wanda ya ƙware a Talaje ko Yantala, unguwannin waccan gaɓar, ba lalle ne ya iya Kirkisoy da ke gaɓarku ba.

Don haka kada ka fara da mai gina. Fara da mai awon ƙasa, wanda zai kafa ƙarafuna a filinka ya tura lantarki cikin ƙasa don ya ga inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Awon ba ya ba da tabbaci, duk wanda ya rantse maka akwai ruwa ka yi hattara da shi, amma yana rage asara ƙwarai. Ka kuma je ofishin ma'aikatar ruwa na jihar Yamai ka nemi bayanin forajojin da ke kewayenka. A can za su gaya maka takardar da ake bukata, tun da dokar ruwa ta shekarar 2010 ta tanadi sanarwa ko izini, gwargwadon girman aikin.

In masu gina suka dawo, tambayi kowanne irin injin da zai kawo. Injin da ke juyawa da ruwan laka na ƙasa mai taushi ne. Dutse kuwa sai gudumar iska mai aiki da kwamfaresa. Wanda ba shi da ita, in ya taras da dutse nan zai tsaya ya ce maka babu ruwa. Sannan ka ce ya nuna maka foraj biyu ko uku da ya yi a unguwarku, ka je da ƙafarka ka tambayi masu gidan ko ruwan yana kai su watan Mayu. Rijiyar da ta tsallake bazara ita ce shaida.

Na taɓa tsayawa kan wani aiki inda aka biya mai gina bisa mita kawai. Ina kallo garin dutse yana fitowa fari fat, busasshe, in ka damƙa a hannu ko dunƙulewa ba ya yi, amma injin bai tsaya ba, kuɗi na ta hawa. Ranar raina ya ɓaci sosai, don mai gidan bashi ya ci. A dutse irin naku zurfi ba shi ne ruwa ba, tsagogin ma raguwa suke in an nutsa. Saboda haka ku rubuta yarjejeniya: iyakar mitocin da za a gina, abin da za ka biya in ramin ya fito busasshe, da kason da za ka riƙe sai an yi gwajin pompo na awoyi an auna lita nawa ke fita. Lita 500 zuwa 1,000 a awa, in akwai shato, wato tankin ajiye ruwa a sama, ta ishi gida.

Ranar sa tiyo kada ka je ko'ina. Duba kaurin tiyon, ga tsakuwar da za a zuba kewaye da matacin, wato sashen tiyon mai ƴan hudoji inda ruwa ke shiga, ka tabbata an toshe mitocin sama da siminti. Nan ne ake yawan ha'inci, kuma nan ne lafiyar iyalinka take. Rijiyoyin Yamai marasa zurfi da yawa sun gurɓace da sinadarin nitrat daga salga. Ana so a bar kamar mita 30 tsakanin foraj da salga, abin da filayenmu na gari ba su cika bari ba, har da salgar maƙwabci a lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitrat a miligiram 50 cikin lita, tafasawa ba ta cire shi, kuma jarirai ya fi cutarwa. Kafin kowa ya kai ruwan baki, ka ɗebi kwalba ka kai LANSPEX, ɗakin gwajin lafiyar jama'a na ƙasa, a duba ƙwayoyin cuta da nitrat, ka sake kaiwa bayan damina ta farko.