Ana kallon sitatus ɗina amma ba a saye, in biya a yi min bustin?

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta turo tambaya. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yajin ƙuli a gida, kullum sai ta ɗora hoto a sitatus ɗin WhatsApp da Facebook, ana kallo sosai amma iyakaci a ce mata "nawa ne?" tana ba da amsa sai mutum ya ɓace. Yanzu wani yaro a garin ya ce ta ba shi kuɗi ya tara mata mabiya ya kuma yi mata bustin, wato a biya kuɗi a nuna tallanta ga ƙarin mutane, shi ne take tambaya ko ta bayar. Ta haɗo da tallan da take sawa.

Toh Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Kar ki ba yaron nan ko sisi tukuna, ba wai na ce macuci ba ne a'a, kawai dai matsalarki ba ta rashin masu kallo ba ce tunda ke da bakinki kin ce ana kallo. Na duba tallan naki, abin da kika rubuta shi ne "Assalamu alaikum akwai kaya masu kyau da inganci cikin farashi mai rahusa sai kun zo", sai hoton roba a kan gado da daddare, hasken fitilar waya ya haske ledar har ba a gane ƙuli ne a ciki ko cincin. Hajiya wannan maganar ai mai atamfa ma ita take rubutawa, mai turaren wuta ita, mai maganin basir ma ita. Kamar ki ɗora wa yarinya talla ne ki rufe farantin ruf ki ce ta zaga gari tana cewa a sayi abu mai kyau, wa zai tsayar da ita?

Wanda ya ga tallanki a Kano ko Dutse abin da yake son sani kafin yatsansa ya wuce shi ne mene ne kayan, wane awo, nawa ne, a ina kike, ta yaya zai iso hannunsa. In ya rasa ɗaya sai ya tambaya, in ya tambaya kuma wayarki na wajen mai caji ko sabis ya ɗauke sai la'asar kika gani, kafin nan ya aiki yaro kasuwa ya sayo. Gwada irin wannan, kuɗin misali ne kawai na sa, ke kika san lissafinki:

"Man gyaɗa na gida zalla ba haɗi, jiya aka matse. Kwalba mai lita 1 N3,500, galan mai lita 4 N13,000. Ƙuli mai yaji da mai suga, ƙaramar roba N1,500. Daga Ringim muke, muna ba mota zuwa Kano duk Litinin da Alhamis, a karɓa a tashar Yankaba, kuɗin mota na mai saye ne. Farashin wannan satin ne."

Kinga babu "inganci" babu "rahusa" amma an faɗi ranar da aka matse, wannan ya fi su aiki. Na san abin da za ki ce, in na rubuta kuɗi maƙwabciyata mai irin sana'ar za ta gani ta karya farashi, kuma gyaɗa yau da gobe tashi take. Ita maƙwabciyar ai ko ba ki rubuta ba ƙanwarta za ta sa ta tambaye ki, ba abin da kika ɓoye mata, kwastoma kawai kika ɓoye wa. Kuma mutanenmu akwai kunya, da yawa ba sa son su tambayi kuɗi sannan su kasa saye, gara su yi shiru su wuce. Maganar tashin gyaɗa kuwa shi ya sa na ce ki sa "farashin wannan satin", ran Lahadi in an dawo daga kasuwar Gujungu kin ji yadda aka sayi kwano, sai ki gyara ki sake ɗorawa ran Litinin.

Hoto kuma dan Allah a bar ɗaukarsa da dare. Da hantsi ki fito tsakar gida ki tsaya a inuwa, ki goge idon kyamarar da gefen mayafi don yawanci maiƙo ne ke sa hoto ya yi hazo, ki zuba ƙulin a farin faranti ki karya ɗaya a ga cikinsa. Man kuma a farar kwalba ki ɗaga ta saitin haske a ga launinsa da yadda ya kwanta bai gurɓace ba. Ɗan gajeren bidiyo lokacin da ake matsa ko ƙuli na cikin kasko ya fi hoto goma, gani ya kori ji, amma kar ya yi tsawo kowa tattalin datarsa yake. Kuma kar ki kuskura ki ɗauko hoton wata a intanet ki ce naki ne, ranar da kaya suka isa aka ga bambanci kin rasa wannan kwastomar har da danginta. Hoto biyu ko uku a rana sun isa, masu jera ashirin ɗin nan har layin sama ya koma ɗige-ɗige, wucewa ake yi ba a kallo.

Akwai abin da mata da yawa ba su lura da shi ba, sitatus ɗin WhatsApp ba ya zuwa wa kowa sai wanda kike da lambarsa shi ma yake da taki, kuma bayan awa 24 ya goge. Wato in dangi da ƙawayen makarantar Islamiyya ne kawai a wayarki toh su kike ta yi wa talla wata da watanni, su kuma ko sun iya yin ƙulin da kansu ko bashi za su ce. Don haka duk wanda ya saya ko da roba ɗaya ce ki ce ya ajiye lambarki ke ma ki ajiye tasa, ki liƙa takarda mai lambar a jikin kowace roba da galan don kayan na shiga gidajen da ba ki sani ba. Ki sauke WhatsApp Business kyauta ne, akwai wajen jera kaya da farashinsu, akwai kuma saƙon da zai amsa wa mutum da kansa. Saƙon bai-ɗaya, wato saƙo guda da ake tura wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, yana ɗaukar mutum 256, shi ma sai masu lambarki ne za su samu. Amma kar ki dinga jefa mutane a guruf ba izini, haushi yake ba su. Ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba sai ki yi saƙon murya gajere ki faɗi abin da kika rubuta.

Sai babbar magana, amana. Tun wahalar takardun kuɗi ta 2023 mutane sun saba da taransifa har a ƙauye, amma har yanzu tura wa wadda ba ka taɓa gani ba kuɗi akwai fargaba. Sunan da ke kan asusun ya zama wanda kika gaya musu, in na maigida ne ki faɗa tun farko kar mutum ya ga sunan namiji ya ja baya. In an ba direba kaya ki ɗauki hoton ƙullin da sunan mai shi, ki tura masa lambar direban da ta motar. Wadda ta yaba miki ki nemi izininta ki ɗora maganarta, ki rufe lambarta. Ke ma ki kare kanki, hoton risit ko alat ba kuɗi ba ne, ki buɗe asusunki ki ga sun zauna kafin kaya su bar gida ko da mutum yana ta kira wai mota za ta tashi.

Ki kuma zauna da biro ki lissafa abin da sayarwa ta waya ke ci, roba, leda, ɗan acaɓan da zai kai tasha, data, cajin waya, abin da mai POS zai cire in za ki karɓi kuɗin a hannu. Da yawa farashin ƙofar gida suke ba na Kano, ciniki na ta tafiya uwar kuɗi na raguwa ba su san ta ina ba.

Mu dawo kan yaron. Mabiyan da ake tarawa da kuɗi yawanci asusun bogi ne ko mutanen wata ƙasa da ba su san ƙuli ba balle su saya. Bustin na gaskiya Facebook ake biya, kuma ke za ki zaɓi garin da za a nuna tallan da kwanakin da zai yi. Ki yi wata guda da gyararren talla, duk wanda ya saya ki tambaye shi a ina ya gani ki rubuta a littafi, in bayan nan kina so ki gwada sai ki sa kuɗi kaɗan wanda in ya tafi ba zai taɓa jari ba, ki zaɓi Kano da Dutse kawai, kuma oda za ki ƙirga ba masu danna layk ba. In shi zai taya ki ya zauna a gabanki ya yi a wayarki, kar ki ba shi lambar sirrinki, kuma lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa ta tes ko wa ya kira ya ce ki karanto masa kar ki yarda, da su ake ƙwace asusu a bi kwastomominki ana karɓar kuɗi da sunanki.

In kin gyara tallan ki turo min in gani tare da lissafin abin da galan ɗaya ke cin ki tun daga gyaɗa har tasha.