Kun Tambaya, Mun Amsa: Garin Junction City da Barikin Fort Riley

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana aikin soja a Amurka, an tura shi wani bariki da ake kira Fort Riley, shi da iyalinsa suna haya a garin da ke kusa, Junction City. Yanzu yana shawarar sayen gida a can. Na duba yawan mutanen garin, wani wuri an ce dubu 18, wani wuri dubu 23. Wanne ne gaskiya? Kuma mene ne tarihin garin? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne, shekarunsu ne suka bambanta. Amurka tana ƙidaya duk bayan shekara goma. A ƙidayar 1990 an samu mutum 20,604 a Junction City. A 2000 suka ragu zuwa 18,886, a 2010 suka haura zuwa 23,353, sannan a 2020 aka samu 22,932. Idan kika ga gari yana hawa da sauka haka, ba annoba ba yaƙi a cikinsa, to ki nemi wanda ke riƙe da akalarsa. A nan bariki ne.

Barikin ma ya girmi garin. An kafa Fort Riley a 1853, a yankin da daga baya ya zama jihar Kansas, domin tsaron ayarin Turawa masu ƙaura da fatake da ke bin hanyoyin Santa Fe da Oregon zuwa yamma. Ƙasar kuwa ta 'yan asalin wurin ce, irin su kabilar Kansa, waɗanda aka yi ta matsawa har aka raba su da ita, kuma bai kamata a ba da tarihin wurin a tsallake wannan ba. An zaɓi wurin ne saboda nan kogin Republican da na Smoky Hill suke haɗuwa su zama kogin Kansas. A bakin wannan mahaɗa aka yanka filayen Junction City a 1858, ya samu matsayin gari a hukumance a 1859, jirgin ƙasa ya iso a 1866.

Akwai abin da ya faru kafin nan da nake so ki riƙe. An taɓa kafa wani gari mai suna Pawnee dab da barikin, har majalisar yankin Kansas ta yi zamanta na farko a can a watan Yulin 1855. Ba a daɗe ba aka ce garin yana cikin filin soja, aka tashi mutanensa aka rushe gidajen. Ginin dutsen da majalisar ta zauna a ciki ne ya tsira, yana nan har yau a cikin barikin. Tun farkon fari ke nan, abin da soja suka yanke shi ke tabbata a kan maƙwabtansu.

A 1866 aka haɗa rundunar dawakai ta bakwai a Fort Riley, wadda hafsan soja George Custer ya jagoranta a fagen yaƙi. Rundunonin baƙaƙen fata masu dawakai, ta tara da ta goma, su ma sun zauna a nan a lokuta daban-daban. A 1917 aka gina sansanin Funston a cikin filin barikin don horar da dubun-dubatar samari masu tafiya Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a wannan sansani aka ga wasu daga cikin mutanen farko da suka kamu da murar 1918 mai kisa, a watan Maris na shekarar. Masana tarihi suna da saɓani kan ko a nan cutar ta samo asali.

Amma abin da ya fi shafar tambayarki shi ne Runduna ta Ɗaya ta sojojin ƙasa, wadda ake wa kirari da Big Red One. Ta dawo daga Jamus ta sauka a Fort Riley a 1955, daga nan ta tafi Biyetnam a 1965, ta kuma tafi yaƙin Tekun Fasha a 1990 zuwa 1991. A 1996 aka mayar da hedikwatarta Jamus, aka rage sojojin barikin. Soja ba ya tafiya shi kaɗai, Malama. Matarsa da 'ya'yansa suna bin sa, mai gidan haya ya rasa ɗan haya, mai aski da mai wankin kaki da dillalin motoci su rasa ciniki, makaranta ta rasa ɗalibai. Abin da ƙidayar 2000 ta nuna ke nan. Da hedikwatar ta dawo a 2006, sai garin ya cika ya batse, shi ya sa kika ga ƙarin mutum sama da dubu huɗu a 2010.

Wannan dawowa ta zo wa garin da darasi mai ɗaci. Hukumar garin ta ci bashi mai nauyi ta shimfiɗa tituna da bututun ruwa a sababbin unguwanni, tana jiran iyalan soja su cika su. Wasu suka zauna a cikin bariki, wasu suka zaɓi garin Manhattan na Kansas da ke ɗaya gefen, ga kuma rikicin kasuwar gidaje na 2008 ya faɗo. Filaye da yawa suka zauna ba gini, mazauna garin suka yi shekaru suna biyan bashin ta hanyar haraji. Ina jin tausayinsu ƙwarai, domin ba su ne ke zama a Washinton su yanke inda runduna za ta koma ba.

Game da irin mutanen garin, ƙanenki ba zai ji shi bare ba. A ƙidayar 2010 baƙaƙen fata sun haura kashi 20 cikin 100, alhali a jihar Kansas baki ɗaya kusan kashi 6 ne kawai. Akwai iyalai masu asali da Koriya da Jamus, galibi ta hanyar auren soja, akwai masu jin Sifaniyanci, ga tsofaffin sojoji da suka yi ritaya suka ƙi tashi. Ki kuma sani cewa waɗanda ke kwana a cikin bariki ba a lissafa su a adadin garin, ana ƙirga Fort Riley daban. Saboda haka mutanen da ke hulɗa da kasuwannin Junction City sun fi adadin da ƙidayar garin ta nuna.

Batun sayen gida kuwa, ra'ayina shi ne ya dakata. Yawanci soja ba ya wuce shekara biyu zuwa huɗu a bariki ɗaya kafin a sauya masa wuri, kuma ranar da aka kwashe runduna, gidaje da yawa ne ke fitowa kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Ya fara tambayar shekara nawa suka rage masa a can, ya duba harajin da ke kan gidan, musamman idan a sababbin unguwannin nan ne, sannan ya lissafa ko kuɗin haya zai iya biyan bashin banki idan aka tura shi wani wuri ya bar gidan a hannun 'yan haya. In yana da niyyar yin ritaya a Kansas, to wannan wata magana ce, sai ya kwatanta farashin Junction City da na Manhattan kafin ya sa hannu.