Hukuncin Magana da Latsa Waya Lokacin Huɗubar Juma'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Sau da yawa nakan makara zuwa Juma'a, sai in shimfiɗa dardumata a bakin titi inda lasifika ba ta kaiwa sosai. Makon jiya wasu samari biyu a gefena suna ta hira, na ce su yi shiru. Ni kuma nakan ɗan duba waya, tunda ba na jin liman. Yaya Juma'ata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sallarka ta inganta, babu ramuwa a kanka. Ladan Juma'ar ne ya samu tawaya.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ce wa na kusa da shi "yi shiru" liman yana huɗuba, ya yi lagawu, wato maganar banza. Duba fa, hana ɓarna ne, amma a wannan lokacin an hana shi, balle hirar kasuwa. Wasu malamai sun yarda a yi wa mai surutu nuni da yatsa, amma Shehu Halil a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya hana har nunin. Ka bari a sallame, sannan ka ja su gefe ka yi musu nasiha a tsanake.

Rashin jin liman bai zama uzuri ba a mazhabar Malikiyya. A Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, an kawo cewa Sayyidina Usman yakan faɗa a kan mumbari cewa wanda ya yi shiru bai ji ba, rabonsa daidai yake da na wanda ya yi shiru ya ji. Zamanka tsit a cikin rana, gumi na zuba, ibada ce ana rubuta maka.

Batun waya shi ya fi damuna. Ina ganin sahu guda kawuna a sunkuye, ka ɗauka zikiri ake, ashe WhatsApp ne. Hadisin Muslim ya ce wanda ya taɓa tsakuwa ya yi lagawu. Idan wasa da tsakuwa ya kai haka, waya ta fi ta ɗauke zuciya, don haka ka kashe ta tun daga wurin alwala.

Inda aka yi rangwame shi ne lalura. Ka ga makaho zai faɗa kwata, ko yaro zai tsallaka titi gaban babur, sai ka yi magana, wajibi ne ma. Kuma ka riƙa sammako ka samu cikin masallaci.

Wallahu a'alam.