Na tuba na koma, Anti ko ni munafuka ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a Kano da yarana biyu, na fara shan maganin tari mai kodin ne a gidan biki wata ƙawata ta zuba min a lemo tace zai rage min damuwa, tun daga nan abu ya zama jiki, da ya yi wahalar samu sai na koma tiramol. Wallahi duk ranar da na sha sai na yi kuka a kan sallaya nace na daina, amma da mun samu saɓani da maigida ko yara sun tafi makaranta gidan ya yi tsit sai kawai na ga na aika an siyo. Yanzu har kunyar ɗaga hannu in roƙi Allah nake ji. Ko ni munafuka ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a, ke ba munafuka ba ce, munafuki baya kuka shi kaɗai a ɗaki inda ba mai ganinsa. Wannan ran da ke ta zarginki shi ne nafsul lawwama, wadda Allah ya rantse da ita a farkon Suratul Ƙiyama, dan haka kar Shaiɗan ya yi amfani da kunya ya raba ki da addu'a. Kuma ba ke kaɗai ba ce, rahoton 2018 na binciken da aka yi tare da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye a Najeriya, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne ma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, sai da yawa suka koma ƙwaya irin yadda kika yi.

Amma fa zan faɗa miki gaskiya, kukan nan nadama ce, ita kaɗai ba ta isa ba. Sayyidina Umar yace ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi, shi kuwa hisabi lissafi ne, irin na mai shago da ke zama da daddare ya duba ta ina kuɗi suka zurare, ba zagin kai ba. Ki samu ƙaramin littafi, bayan sallar isha'i ki zauna ki rubuta: yau da ƙarfe nawa abin ya taso min, me ya faru kafin nan, me na ji a jikina, wa na aika, da wane kuɗi. In kuɗin cefane ne ki rubuta kuɗin cefane ne, kar ki gyara zancen tunda ba mai karantawa sai ke. Kinga ai ko a wasiƙarki kin riga kin kama biyu, faɗa da maigida da kuma shirun gida. Nan aikin yake.

Sannan in son shan ya taso kar ki tashi da sauri. Annabi (SAW) ya koyar da mai fushi in yana tsaye ya zauna, to ki zauna, ki yi alwala in da hali, ki lura da numfashinki yana shiga yana fita, ki duba ina ne yake matse ki, ƙirji ne ko maƙogwaro ko hannu ne ke rawa, ki ce a ranki ga shi ya zo, kina istigfari a hankali ba wai kina kokawa da shi ba. Son nan tasowa yake ya kai ƙarshensa ya sauka, yawancin mutane basu taɓa ganin saukarsa ba saboda tun yana hawa sun riga sun aika yaro kemis. Ranar da kika fara ganin ya sauka da kansa za ki ji wani ƙarfi daban.

Sai maganar asibiti, wannan ba na wasa da ita. Tiramol na kama jiki, in kika yanke lokaci ɗaya ke kaɗai za ki sha zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi yasa ake komawa ba dan rashin imani ba, yawan shansa kuma na kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Ki je asibitin Dawanau ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, likita zai tsara yadda za a rage miki a hankali. Kar ki yarda a kai ki inda ake sa wa mutane mari da sunan gyaran tarbiyya.

Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayarki ko innarki, ki faɗa mata komai ta raka ki. Lambar mai kawo miki kuma ki goge ta yau, ita ma ƙawar nan a yi nesa da juna tukuna.