Hukuncin kuɗin da ƙaramar hukuma ke karɓa daga magina a Ingila

Tambaya: Malam, ina harkar gine-gine a Ingila. Zan gina gidaje goma sha biyu, sai ƙaramar hukuma ta ce in biya kuɗin raya unguwa. Wani ya ce mini wannan maksi ne, wato harajin zalunci, wani kuma ya ce cin hanci ne aka sa wa riga. Ya halatta in biya? Zan iya cire shi daga zakkata?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Kuɗin nan iri biyu ne. Akwai yarjejeniyar Sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990, wadda ake ƙullawa kan gini guda, kamar gyaran mahaɗar titi, ƙarin azuzuwa, ko ware gidaje masu rahusa. Doka ba ta yarda a dogara da ita wajen ba da izini ba sai ta zama dole, tana da alaƙa kai tsaye da ginin, kuma daidai girmansa. Sai harajin samar da kayan more rayuwa na al'umma, wato CIL (Community Infrastructure Levy), da ya fara aiki a 2010, wanda ake lissafawa kan kowace murabba'in mita idan sabon gini ya kai murabba'in mita 100 ko ya samar da sabon gida. Ba kowace ƙaramar hukuma ke karɓarsa ba. Kashi 15 cikin ɗari na komawa unguwar, ko kashi 25 in tana da nata tsarin raya unguwa, hidimar ofis kuma ba ta wuce kashi 5.

Maksin da aka yi wa tsanani, kamar a hadisin Gamidiyya cikin Sahihu Muslim, shi ne karɓar dukiyar mutane bisa zalunci ba tare da wani hakki ba. Naka ba haka yake ba. Gidaje goma sha biyu za su ƙara yara a makaranta, motoci a titi, marasa lafiya a asibiti, kai kuma ka kwashi riba. Ƙa'idar fiƙihu ita ce mai cin riba shi ke ɗaukar asara, hadisin Muwaɗɗa kuma ya hana cuta da cutarwa. Malamin fiƙihu Shaɗibi a littafinsa Al-I'itisam ya halatta wa shugaba ɗora wa mawadata kuɗi don maslahar jama'a idan baitulmali ya gaza, sai dai shi kan tsaron ƙasa yake magana, don haka hujjar ɗauke cuta ta fi ƙarfi a wurina. Batun cin hanci kuwa bai taso ba, tunda asusun hukuma kuɗin ke shiga, kuma tana wallafa rahoton abin da ta karɓa da abin da ta kashe kowace shekara kafin ƙarshen Disamba. In wani jami'i ya nemi nasa a ɓoye, wannan ne rashawar da Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Saboda haka biya halas ne, kuma da zarar ka sa hannu ya zama wajibi, don aya ta farko a Suratul Ma'ida ta umarci cika alkawari. Rage girman gini a takarda don kauce masa ha'inci ne.

Batun zakka kam, wannan kuɗin ba ya zama zakka. An ƙayyade masu cinta takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, titi da filin wasa ba sa ciki. Ka sa shi cikin kuɗin aiki.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne jinkiri kan harajin CIL. Ka miƙa sanarwar fara aiki kafin a haƙa tushe, in ba haka ba tara ta kashi 20 cikin ɗari na kuɗin harajin na iya hawa kanka, har zuwa fam 2,500. Biya kuma cikin kwana 60 ne daga fara aiki, sai in hukumar na da tsarin biya kashi-kashi. Wanda ya makara ana ɗora masa kuɗin ruwa na kashi 2.5 a saman ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Ingila, wannan kuwa ribar da shari'a ta haramta ce ƙarara, bai halatta ka jawo ta da gangan ba. Ka ware kuɗin tun kafin lebura ya taka filin. Wallahu a'alam.