Tambaya da Amsa: Dakatar da Kwafin Bayanai a Sabar Ko-ta-kwana

Tambaya: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ne mai kula da rumbun bayanan wani ƙaramin banki a Kano, muna kuma amfani da PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, a kan injina biyu: babbar sabar, da ta ko-ta-kwana mai kwafar duk abin da babbar ta rubuta. Kowane ƙarshen wata ma'aikatan lissafi suna fitar da rahoto daga ta ko-ta-kwanar, amma sau da yawa rahoton kan yanke a tsakiya, da saƙon cewa ya ci karo da aikin farfaɗowa. Wani abokin aikina ya ce in kashe aikin kwafin har a gama. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa komai, ya kamata ka san cewa abin da abokin aikinka ya kira aikin kwafi ayyuka biyu ne daban. Duk canjin da babbar sabar za ta yi sai ta fara rubuta shi a kundin da ake kira WAL, wanda galibi ake yanka shi fayil-fayil na megabait 16. Tun daga fitowar PostgreSQL 9.0 a shekarar 2010, ana iya tura wannan kundi kai tsaye ta hanyar sadarwa: walsender yana aikawa daga babbar, walreceiver yana karɓa ya ajiye a faifan ta ko-ta-kwana, sannan wani aiki na dabam mai suna startup ya bi bayansa yana zartar da canje-canjen ɗaya bayan ɗaya. Wannan zartarwar ita ake kira farfaɗowa, saboda haka sabar ko-ta-kwana kullum cikin farfaɗowa take, ba ta fita sai ranar da aka ɗaga ta ta zama babba.

Rahotonku da mai zartarwa yake rigima, ba da mai karɓa ba. Yayin da akawu yake karanta wasu layuka a teburin bayanai, babbar sabar tana iya share tsofaffin kwafin layukan nan da aikin VACUUM, wannan sharar kuma ta iso ta cikin kundin. Mai zartarwa zai jira na ɗan lokaci, wanda saitin max_standby_streaming_delay ke ƙayyadewa, kuma daƙiƙa 30 ne idan ba a canza shi ba. Da wa'adin ya cika sai ya soke tambayar akawun ya wuce.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kira umarnin pg_wal_replay_pause a sabar ko-ta-kwana kafin a fara rahoton, ka kira pg_wal_replay_resume bayan an gama. Zartarwa kawai ke tsayawa, karɓa tana ci gaba, don haka ko babbar sabar ta mutu a wannan tsakani, canje-canjen da aka riga aka aiko suna hannunka. Sai dai ka sa ido a kan faifai, domin kundin zai yi ta taruwa kamar buhunan da ake saukewa a ƙofar sito ba a shigar da su ciki ba, kuma gwargwadon tarinsa gwargwadon lokacin da sabar za ta ɗauka kafin ta kamo babbar. Bambancin da ke tsakanin pg_last_wal_receive_lsn da pg_last_wal_replay_lsn shi zai nuna maka yawan abin da ke jiran zartarwa. Akwai kuma hot_standby_feedback, wanda ke sa babbar sabar ta jinkirta sharar, amma a ganina bai dace da rahoton da ke ɗaukar sa'o'i ba, tun da teburan babbar ne za su yi ta kumbura da matattun layuka.

Kashe ayyukan da ƙarfi kuwa, ka guje shi. Idan aka kashe startup da kill -9, wato umarnin kashe aiki nan take, sabar ce gaba ɗaya za ta tsaya. In har dole ne ka yanke karɓar, daga PostgreSQL 13 zuwa sama kana iya barin primary_conninfo, wato saitin da ke nuna wa ta ko-ta-kwana yadda za ta haɗu da babbar, babu komai ka sake loda saitin ba tare da kashe sabar ba. Amma ka tuna cewa idan kun kafa gurbin kwafi, wato tsarin da ke hana babbar share kundin da ta ko-ta-kwana ba ta karɓa ba tukuna, babbar za ta riƙe kundin domin ta ko-ta-kwana har faifanta ya cika, sai fa in kun sa iyaka da max_slot_wal_keep_size.

Tambaya: Ranka ya daɗe, idan ma'aikaci ya goge tebur bisa kuskure a babbar sabar, shin ta ko-ta-kwana za ta cece mu? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, a saitin da aka saba, ba za ta cece ku ba, domin umarnin gogewar kan isa gare ta ya zartu cikin ƙiftawar ido. Abin da ke taimakawa shi ne a ware sabar ta uku a sa mata recovery_min_apply_delay, wanda ya zo da PostgreSQL 9.4 a 2014, ta yadda za ta karɓi kundin nan take amma ta jinkirta zartarwa, misali da sa'a uku. Idan an gano kuskuren kafin wa'adin, sai a dakatar da zartarwa, a kwashe teburin da pg_dump, a mayar da shi babbar.

Akwai tarko a nan da ya kamata ki kiyaye. Wasu kan dakatar da zartarwa, sannan su kira pg_promote, umarnin ɗaga sabar ta zama babba, da tunanin sabar za ta buɗe a daidai inda ta tsaya. Ba haka abin yake ba: ɗagawar tana kawo ƙarshen dakatarwar, kuma sabar za ta zartar da sauran kundin da ke faifanta kafin ta buɗe, har da umarnin gogewar da ake gudu. Idan ana son ta buɗe a wani lokaci takamaimai, sai a saka recovery_target_time da lokacin da ya gabaci kuskuren, a sake kunna ta, a duba cewa teburin yana nan, sannan a bar ta ta kammala. Daga wannan lokaci tarihinta ya rabu da na tsohuwar babbar, wadda ba za ta iya bin ta ba sai an daidaita ta da pg_rewind, ko a sake gina ta daga farko da pg_basebackup.