Ɗan yayana ya fara zancen ramuwa, dangi sun ce a kai shi gidan mari

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yan bindiga sun kashe yayana, matarsa ta yi wani aure, riƙon ɗansu mai shekara 14 ya dawo hannuna. Ya daina hira da kowa, sai zama da samarin da ke shiga daji, bakinsa kullum a kan ramuwa. Dangi sun ce rashin iyaye ya lalata shi, a kai shi gidan mari. Ina tsoron kada ya ɗauki bindiga.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan yayanki, ya ba ki ladan riƙon maraya.

Tsoronki yana da tushe. A binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ta fitar a 2017, an zanta da ɗaruruwan waɗanda suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabaab da ƙafarsu, aka ga sun fi takwarorinsu kukan rashin kulawar iyaye a yarinta. Amma a lura, kulawa aka ce, ba maraici ba. Yaro na buƙatar babba ko da guda ɗaya wanda ya tabbata ba zai juya masa baya ba. Gwaggo ma tana cike wannan gurbi. Idan babu kowa, kwamandan daji ne zai kira shi "yarona", ya ciyar da shi, ya tambayi damuwarsa.

Maganar gidan mari kuwa, wallahi na gaji da jinta. Kullum sai an shigo mini da ita. Yaron da aka kashe ubansa, uwarsa ta tafi, a ɗaure shi da sarƙa a ce gyara ake? An tabbatar masa ke nan cewa babu mai sonsa. Kin manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa, Kaduna, a 2019? Mutum sama da 300, har da yara, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabon duka. Wanda ya fito daga irin wannan wuri yakan yi shiru, dangi su ce ya shiryu, alhali ɓoye fushi ya koya. Masu karɓar kuɗi da sunan gyaran tarbiyya su ji tsoron Allah, ku ma dangi, wahalar riƙo kuke gudu.

Ki zauna da shi ki yi masa zancen babansa, ya yi kuka idan zai yi. A bar shi ya riƙa ganin mahaifiyarsa. Ki nemo kawu ko malamin da yake jin nauyinsa ya ɗora shi kan sana'a. Idan kika ga makami ko kuɗin da ba ki san tushensu ba, a ranar za ki ɗauke shi daga garin zuwa wajen ɗan'uwa amintacce, ki kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa.